A Raɗa Wa Shekara Suna, A Bar Cin Alwashi



Kakanninmu ba su cika ƙirga shekara da lamba ba, suna ne suke ba ta. A ƙasar Kano da Katsina an daɗe ana tuna yunwar 1914 da sunan Kakalaba. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa suna kiran yunwar 1984 da El Buhari, don ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja ta Buhari a Najeriya ta rufe iyakoki. Larabawa ma haka suke a da. Akwai Shekarar Giwa, wadda a cikinta aka haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai kuma Shekarar Baƙin Ciki, kafin a tsayar da lissafin Hijira a zamanin halifancin Sayyidina Umar. Duk waɗannan sunaye bayan shekarar ta wuce aka raɗa su, wato ita ce ta zaɓar wa kanta suna da abin da ta zo da shi. Abin da nake so mu duba yau shi ne, me zai hana mutum ya riga shekara, ya raɗa mata suna tun tana cikin zanen goyo? Ina ganin yin hakan ya fi cin alwashin da ake yi duk farkon shekara, kuma zan kawo dalilaina.

Cin alwashin sabuwar shekara al'ada ce da ta fi ƙarfi a ƙasashen Turawa. Shi kansa watan Janairu daga sunan wani gunkin Rumawa aka samo shi, mai fuska biyu, ɗaya tana kallon baya ɗaya tana kallon gaba. Yanzu dai wayar hannu ta shigo mana da al'adar har cikin ɗaka. A daren 31 ga Disamba, in ka buɗe Facebook ko WhatsApp za ka sha karatu: wannan zai rage kilo 10, wancan zai tara naira miliyan ɗaya, wata za ta haddace izu 20, wani ya rabu da sigari har abada. Wanda ba ruwansa da Janairu ma bai tsira ba, don yakan yi nasa a Muharram ko a daren ƙaramar Salla. To ina alwashin yake ƙarewa? A ƙarshen shekarun 1980, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Scranton ta Amurka, John Norcross, ya bi diddigin mutum 200 da suka ci irin wannan alwashi. Bayan mako guda, kashi 77 cikin 100 suna kan bakansu. Bayan wata shida sun dawo kashi 40, bayan shekara biyu kuwa kashi 19 ne suka rage. A 2007 Richard Wiseman na Birtaniya ya bi mutum kimanin 3,000. Fiye da rabinsu sun ce suna da yaƙinin za su cika alkawari, amma kashi 12 ne kawai suka kai gaci.

Da an ji waɗannan alƙaluma sai a ce ai ragwanci ne, tubar muzuru ce, kaza a baki. Ni ban yarda laifin duka na mutane ba ne. Idan ɗalibi ɗaya ya faɗi jarrabawa, a tuhume shi. Idan tara cikin goma suka faɗi shekara bayan shekara, ya kamata a duba takardar jarrabawar. Aibin farko na alwashi yana cikin ƙirarsa: kamar ƙwai yake, ko dai yana nan lafiya ko ya fashe, babu tsaka-tsaki. A ɗauki magidancin da likita ya ce masa sukarin jininsa ya fara hawa, ya yi rantsuwa ran 1 ga wata cewa shi da lemon kwalba har abada. Ya yi mako uku ƙalau. Sai ga walimar ɗan wansa, ana zaune kan tabarma, an ajiye masa shinkafa da kwalba mai sanyi tana naso, uban ango da kansa ya buɗe masa ya miƙo. Kunya ta hana shi mayarwa, ya kurɓa. Kurɓa ɗaya ba ta kashe kowa ba. Ɓarnar tana cikin abin da zuciyarsa ta raɗa masa bayan nan: tunda an riga an karya, a sha ta biyu, sai baɗi kuma. Peter Herman da Janet Polivy, waɗanda suka daɗe suna koyarwa a Jami'ar Toronto, sun yi shekaru suna nazarin wannan hali. A irin gwaje-gwajen da aka fara tun shekarun 1970, akan ba masu takatsantsan da abinci wani abin sha mai zaƙi da maiƙo, sa'an nan a ajiye musu askirim. Maimakon su ja baya tunda sun riga sun sha, sai su fi waɗanda ba a ba komai ba ci. Alhali kuskuren rana ɗaya ba shi da wannan nauyi. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kama sabuwar ɗabi'a, suka ga abin yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wani kwana 18, wani har 254, kuma tsallake rana guda bai rushe ginin ba. Ashe sau da yawa ba zamewar ce ke kayar da mutum ba, hukuncin da ya yanke wa kansa ne.

Aibi na biyu ya fi shafarmu mu da ke wannan yanki. Alwashi yana ɗauka cewa shekara za ta tsaya cik ta jira ka. A ce ma'aikaci ya zauna a farkon Janairun 2023 ya yi lissafi da biro da takarda: albashina kaza, cefane kaza, mai kaza, zan riƙa ajiye kaza duk wata har in biya wa mahaifiyata kujerar Hajji. Kafin Fabrairu ya ƙare, canjin takardun naira ya sa kuɗinsa ma sai ya kwana a layi ko ya saye su a hannun mai POS. Ran 29 ga Mayu aka sanar da janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kujerar da take kusan naira miliyan 3 a 2023 ta wuce miliyan 8 a 2025. Ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ya wayi gari an rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris ɗin 2024. Mutanen Maiduguri kuma sun kwanta a wani daren Satumbar 2024, ruwan madatsar Alau ya tashe su. Wane ne cikin waɗannan za a ce ya karya alkawari don ragwanci? Binciken da na ambata a ƙasashen da farashi ba ya tsalle irin namu aka yi shi. In a can ma lambar Janairu ba ta kai Disamba, a nan fa?

Akwai wanda ya daɗe da warware wannan matsala ba tare da ya shiga aji ba, shi ne manomin karkara. Ka tambaye shi a bazara dami nawa zai samu bana, zai yi murmushi ya ce sai abin da Allah ya bayar. Kada ka ɗauka ba shi da tsari. Ya kai taki gona tun da rani, ya yi sharar gona, wataƙila ma ya yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan fari. Gero ne ke fara shiga, sai dawa a tsakani, daga baya a sa wake a ƙarƙashinsu, gyaɗa kuma a wani gefe. Idan ruwa ya ɗauke kwana 20 shuka ta ƙone, ba ya naɗe hannu ya ce bana ta lalace sai baɗi. Yakan sake shuka, in lokaci ya ƙure ya nemi iri mai saurin nuna. In damina ta ƙi gaba ɗaya, ya sayar da akuya, ya gangara fadama, ko ya tafi cirani. Amma ranar noman firi ba ya wasa da ita, maimai ma haka, don ciyawa ba ta san uzuri ba. A shekarun 1960 da 1970, David Norman na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ya yi nazarin ƙauyukan Zariya, lokacin da masana da yawa ke ganin cakuɗa amfanin gona ci baya ne, ya nuna cewa dabara ce mai ma'ana wadda ke rage asara. Michael Mortimore kuma ya yi shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri, a cikin Jigawa ta yanzu, ya ga cewa abin da ya raya mutane cikin fari shi ne iya sauya dabara a tsakiyar damina. Manomin nan yana da abu ɗaya da ba ya sauyawa, wato rumbu ya kai iyali wata kakar. Duk sauran abubuwa suna iya motsawa.

Wannan abin da ba ya motsi shi nake kira jigon shekara. Kalma ɗaya ce ko biyu: shekarar fita daga bashi, shekarar lafiya, shekarar karatu, shekarar zumunci. Amfaninsa yana fitowa ne a mararraba, inda mutum yake tsaye tsakanin abu biyu. A ce tela ne a kasuwa ya raɗa wa shekararsa sunan fita daga bashi. Azumi ya zo, ɗinkin Salla ya cika shago, kuɗi sun shigo. Ga sabuwar waya tana ƙyalli a shagon maƙwabci, ga mai yadi da yake bin sa tun bara. Ba ya buƙatar buɗe wani littafi, sunan shekarar ya riga ya ba shi amsa. Bayan Salla kasuwa ta mutu, wuta ba ta zuwa, man janareta ya gagara. A wannan watan ba zai iya rage ko sisi ba, amma in ya ƙi cin sabon bashi, ai yana cikin shekararsa. Da lamba ya ɗaure kansa da ita, ya ce naira 50,000 duk wata, da tuni ya faɗi tun a wata na huɗu. Akwai kuma wata fa'ida. Jigo yakan zo da siffar abin da za a nufa, alwashi kuwa yawanci hani ne. Masu bincike a Jami'ar Stockholm ta ƙasar Suwidin, cikinsu har da Per Carlbring, sun bi mutum sama da 1,000 tsawon shekara, suka fitar da sakamakon a 2020. Cikin waɗanda suka ce za su fara wani abu, kusan kashi 59 sun ce sun yi nasara. Cikin masu cewa za su daina wani abu, kashi 47 ne. Abin mamaki ma, rukunin da aka fi tsananta wa da cewa su tsara buri dalla-dalla mai awo da wa'adi bai fi ba, waɗanda aka ba tallafi daidai gwargwado ne suka zarce.

Na san mai sauraro mai kaifin tunani zai ce, Malam, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Suna ba ya biyan bashi. Kuma yana da hujja mai ƙarfi. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru gommai suna gwaji a ma'aikatu, kuma abin da suka yi ta gani shi ne, wanda aka ba buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi wanda aka ce wa yi iya ƙoƙarinka aiki. Mu ma shaida ne a kan sunayen da ba su haifi komai ba. Duk shekara gwamnatoci suna laƙaba wa kasafin kuɗi take mai daɗin ji. Tarayyar Afirka ta sa wa 2020 taken kashe amon bindigogi, mutanen Zamfara da Diffa su ne za su faɗa mana ko amon ya mutu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, ko manoma nawa ne a Daura ko Damagaram suka ga bambanci a rumbunsu? Na yarda da wannan suka ɗari bisa ɗari, jigon da ba shi da aiki a ƙarƙashinsa ado ne. Inda na rabu da masu sukar shi ne wurin da ya kamata a ajiye lambar. Yawancin gwajin Locke da Latham a kan aiki ne sananne, mai gajeren wa'adi, wanda ma'aikaci ya san yadda ake yin sa. Irin wannan lambar ta mako ce ko ta wata, inda ido ke iya hango ƙarshe. Mata masu adashe sun fi kowa sanin haka: zubi kaza duk Juma'a, zagaye ya ƙare a zauna a sake shawara, a ƙara ko a rage. Ba a ɗaure zubin shekara guda a rana ɗaya. Kuma lamba in ta zama ita ce uwa da uba, tana iya cinye manufar da aka kafa ta dominta. Bankin Wells Fargo na Amurka ya ɗora wa ma'aikatansa adadin asusun da dole su buɗe, suka koma buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, ma'aikata sama da 5,000 suka rasa aikinsu. Lamba ta cika, amana ta zube.

Har ita lambar ta wata, gara a ba ta ƙasa da sama. Maimakon shafi 10 kullum, a ce daga shafi 2 zuwa 10. Maimakon naira 50,000, a ce daga 10,000 zuwa 60,000. Maura Scott da Stephen Nowlis sun gwada wannan a 2013 da masu son rage ƙiba. Waɗanda aka ba buri mai ƙasa da sama ba su gaza masu lamba ɗaya ba wajen rage nauyi, amma sun fi su komawa su ci gaba da shirin. Dalilin a fili yake. Ƙasan tana hana mutum jin ya faɗi a watan tsanani, saman kuma tana hana shi kwanciya a watan yalwa.

Suka ta biyu ta fi ta farko zafi. Za a ce sassauci ƙofar uzuri ce, kuma zuciya gwana ce wajen ƙirƙiro uzuri. Wanda ya ce daga 2 zuwa 10, a kan 2 zai tare. Sa'an nan akwai abubuwan da ba su karɓar ciniki: matashin da ƙwaya ta kama, ko wanda cacar ƙwallo ta waya ke cinye masa jari, ba za a ce masa ya rage zuwa sau biyu a mako ba. Shi kansa Norcross, a wani binciken na 2002, ya ga cewa kashi 46 na masu alwashi suna kan hanya bayan wata shida, alhali cikin masu sha'awar canji da ba su ƙudurta komai ba kashi 4 ne kacal. Wannan gaskiya ne, kuma yana nuna ƙudurta abu ya fi zaman jiran tsammani nesa ba kusa ba. Sai dai mai jigo ai ya ƙudurta, bai zauna ba. Game da ƙwaya da caca kuwa, can ana buƙatar layi ja, da taimakon likita da na dangi. Amma ko a asibitin masu shaye-shaye, ba a korar wanda ya zame a ce ya dawo Janairu, a ranar ake ɗaga shi. Maganin uzuri shi ne a rubuta sassaucin tun kafin a buƙace shi. A nan tsarin ibada yana da darasi, ko da yake ba ina daidaita farilla da burin duniya ba ne. Azumin Ramadan wajibi ne, babu wasa a ciki, amma matafiyi da mara lafiya an san hukuncinsu tun kafin wata ya kama: su sha, su rama. Akwai ƙasaru, akwai taimama. Rangwamen yana da sharaɗi sananne, ba ranar da mutum ya ji kasala yake ƙirƙiro shi ba. Bakance kuwa, wato mutum ya ɗora wa kansa abin da ba a ɗora masa ba, malamai da yawa ba sa ƙarfafa shi, kuma suna gargaɗi da nauyin da ke biyo bayan saɓa shi. Masu bincike biyu, Marissa Sharif da Suzanne Shu, sun gwada wani abu mai kama da wannan. Sun ba wasu burin yin aiki kwana bakwai a mako tare da ranakun uzuri biyu a ajiye, wasu kwana bakwai babu rangwame, wasu kuma kwana biyar kawai. Masu ranakun ajiyar ne suka fi dagewa, don mutum yakan yi rowar taɓa abin da aka ce na ko-ta-kwana ne, in ma ya taɓa ba ya jin komai ya rushe.

Saura tambaya ɗaya, me ya sa sai shekara? Katherine Milkman da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania sun nuna a 2014 cewa mutane sun fi zaburowa a farkon mako, farkon wata, ko bayan ranar haihuwarsu, duk inda suka ji kamar an buɗe sabon shafi. Mai alwashin Janairu ƙofa ɗaya ya bar wa kansa, in ta rufe sai ya jira wata 11. Mu kuwa shekararmu cike take da ƙofofi. Ga Muharram, ga Ramadan, ga Salla biyu, ga Kirsimeti da Ista ga 'yan uwa Kirista, ga ranar albashi, ga Juma'a duk mako. Ga kuma rabon da ƙasa da sama suka yi mana: bazara, damina, kaka da hunturu. Telan nan namu zai iya zama sau huɗu a shekara, bayan sallar isha'i, ya jawo littafin da yake rubuta awon kwastomomi, ya buɗe shafin baya inda sunayen masu bin sa suke. Da kaka, manoma sun sayar da amfani, bukukuwa sun kankama, sai ya ɗaga saman lambarsa. Da damina, kuɗin kowa ya tafi taki, sai ya sauke ta. Wata shekarar zai soke suna uku, wata shekarar ɗaya da rabi. In Disamba ta same shi da sauran suna biyu a shafin, sai ya bar wa sabuwar shekarar sunan yayarta.